Allura da Zare Kafin Ranar Haihuwa: Ɗinkin Kayan Jariri a Ƙasar Bagudo

Uwargida, idan kika kai turmin atamfa wurin tela, yadi shida kika kai masa. Zai fitar miki da zani da riga da ɗankwali, guntayen da suka rage kuma su zube ƙarƙashin keke, yaran shago su share su kai bola. Mai wayo ita ce ke cewa a ƙulle mata ƙyallayenta a leda ta taho da su gida. Idan kina ɗauke da juna biyu, kuma kin shiga watannin da nauyi ya rage miki zirga-zirga, hannu kuwa yana neman abin yi, to waɗannan ƙyallaye suna da aiki. Daga cikinsu za ki fitar da hular jariri, da shimfiɗa, da ƙunzugu, da jakar zuwa asibiti. Sai dai kayan jariri ba kamar kayan babba ba ne. Akwai yadin da ke cutar da shi, akwai ajiyar da ke jawo masa shawara, akwai kuma lulluɓin da ke toshe masa numfashi.

Ƙasar da yadi ke ratsawa

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, kogin Kwara ya ratsa ta, ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Benin. Illo da Lolo da Tsamiya da Ka'oje da Zagga duk a cikinta suke. Daga Lolo, in ka ƙetara, ka kama hanyar Madekali zuwa Malanbil mai babbar kasuwa. Daga Tsamiya kuwa Segbana ka dosa. Iyakar nan Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a 1898, ta raba dangi gida biyu, amma ba ta hana aure da zumunci da cin kasuwa tsakanin Hausawa da Fulani da Dandawa da Kyangawa da Busawa na ɓangarorin biyu ba. Tun kafin zuwan Turawa Illo zangon fatake ne. Ta nan masu zuwa Gwanja sayen goro kan bi, ɗauke da kanwa da rinannen yadin Kano.

Yau ma yadi bai daina bin wannan hanya ba, sai dai ya juya. Da yake masaƙun Kaduna sun durƙushe, har babbar cikinsu UNTL ta rufe ƙofa a 2007, yawancin atamfar da ke kasuwanninmu daga waje take zuwa. Mai yawa daga cikinta, tare da dilolin gwanjo, a tashar jiragen ruwa ta Kwatano take sauka kafin ta hauro arewa. Abin mamaki, yankin Alibori da ke maƙwabtaka da Bagudo, inda Kandi da Banikwara da Segbana suke, shi ne kan gaba wajen noman auduga a Benin. Ga auduga a gona, amma zanen da ke jikin mai noman sau da yawa rabinsa roba ne. Wanda ya ga rufe iyaka na watan Agustan 2019 kuma ya san yadda kaya ke tsada dare ɗaya. Matar da ta iya riƙe allura ba ta cika shiga irin wannan matsi ba.

Ɗinkin da muka gada

Kada ki ɗauka haɗa yadi hawa-hawa a bi shi da ɗinki baƙon abu ne da aka koyo a littafin Turawa. Dubi dawakin hawan salla da ake yi wa ado da lifidi. Lifidi ba komai ba ne illa yadi biyu da aka cusa wa auduga a tsakani, aka bi su da ɗinki layi-layi don kada audugar ta taru wuri ɗaya. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke Kano. Ɗinkin da ya tare wa mayaƙa kibiya shi ne dai za ki yi, a ƙarami, don tare wa ɗanki sanyin ƙasa.

A wasu ƙasashen ma mata sun daɗe da gano haka. A Bangaladesh da gabashin Indiya ana jera tsofaffin zannuwa uku ko huɗu a bi su da ƙananan ɗinki, a kira abin kanta, kuma jarirai na cikin waɗanda aka fi yi wa shi, saboda yadin da ya sha wanki ya fi sabo laushi. A Amurka, matan baƙar fata na wani ƙauye mai suna Gee's Bend a Jihar Alabama, jikokin bayi, sun yi ta haɗa barguna da tsofaffin wandunan aikin mazansu don talauci da sanyi. A 2002 aka baje waɗannan barguna a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, duniya ta zo kallo. Su dai ɗumi suke nema wa 'ya'yansu.

Lifidi yana da lahani guda, mayaƙan da sun san shi: in kibiya mai wuta ta same shi, ya kama ci. Ki riƙe wannan, domin za mu koma kansa a ɗakin jego.

Kunya da camfi

Mun sani a gidaje da yawa ba a son a ga mai ciki tana haɗa kayan jariri. Wasu na cewa ba a yi wa abin da ke ciki tanadi sai an ga saukarsa. Mai cikin fari kuwa kunya ma ta ishe ta, ko ambaton cikin ba ta yi gaban surukai, balle a gan ta da 'yar hula a hannu. Kunya ado ce, ba mu ce ki yar da ita ba. Amma ɗinka hula ba ya kawo ɓari, kuma rashin ɗinka ta ba ya hana shi. Abin da ma'aikatan ɗakin haihuwa ke gani kullum shi ne mace ta iso cikin dare da zanen jikinta kaɗai, a haifi jariri a rasa busasshen abin da za a goge shi, kayan kuwa suna can sai ranar suna maigida zai kawo akwati. Kwana bakwai ɗin nan da ake jira su ne mafi haɗari a rayuwar jariri. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Inna, ke da 'yarki ta dawo gida goyon ciki, nan ne aikinki. In ita tana jin nauyi, ke ki ɗauko allurar, ki ce na jikan maƙwabciya ne in kin ga dama. Maigida, kai ma abin da ake nema gare ka kafin haihuwa bai taka kara ya karya ba: yadi huɗu na farar auduga, da zare, da sabulu, da kuɗin mota a ajiye. Atamfar fitar suna ta jira.

Wane yadi?

Auduga zalla ita ce ta jariri, domin tana shan gumi, tana barin iska ta ratsa, tana jure tafasasshen ruwa da guga. Mai roba kuwa yana riƙe zafi, ya kawo ƙuraje a wuya da matsematsi. Ido ba ya rarrabe su kullum, don masu yin atamfar zamani sun ƙware. Ga gwajin da teloli suka sani: ki zare 'yan zarurruka daga bakin yadin, ki fita tsakar gida ki kusanta su da ashana. Auduga za ta ci da warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba zai nannaɗe ya narke, ya bar ɗan ƙulli mai tauri.

Tsohon zanenki da ya sha wanki ya fi sabon ƙyalle dacewa da fatar jariri. Sabuwar atamfa tana da sitaci da ragowar rini, sai an wanke ta sau biyu ko uku har ruwan ya daina canza launi. Gwanjo ba laifi ba ne, akwai rigunan auduga masu kyau a cikinsa, amma wannan ƙamshin dila da ke jikinsa ba na tsabta ba ne. A wanke da sabulu, a ɗauraye sosai.

Shanya kuma a igiya, cikin rana, ba a kan ƙasa ko dangar kara a inuwa ba. Akwai wani ƙuda da ke yin ƙwai a kan yashi da tufafi masu damshi, musamman masu warin fitsari. Tsutsarsa na huda fatar yaro ta zauna, sai a ga kamar maruru mai ɗan baki a tsakiya. Guga ce maganinsa, ciki da bai, ko da dutsen gawayi ne.

Hula da zanen ƙirji

Jariri yana fitowa ne jiƙe daga wuri mai ɗumi, kansa babba ne idan aka gwada da jikinsa, kuma ba ya iya rawar ɗari kamar babba don ya ɗumama kansa. Zafin jikinsa ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5 a ma'auni. In ya sauka ƙasa da haka sai ya yi lakwas, ya ƙi kama nono, numfashi ya rikice. Ko a bazara hakan na faruwa, balle a hunturun Disamba da Janairu a tungayen bakin kogi.

Don haka ki tanadi zannuwa biyu masu laushi na lokacin haihuwa. Da na farko za a goge shi tas a ajiye shi gefe, don ya jiƙe. Da na biyu za a rufe shi yana kwance a ƙirjinki, fata da fata. Wanka kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a jinkirta shi zuwa bayan awa 24. Farin maiƙon da ke jikinsa ba dauɗa ba ne, kariya ce ga fatarsa. Kakanni ba su cika son jin wannan ba, gara a yi maganar da su tun yanzu.

Hular ba ta da wuya. Kewayen kan jaririn da ya cika wata tara yakan kai inci 13 zuwa 14. Ki sami tsohuwar singileti ta auduga mai talewa, ki yanka falle biyu masu siffar rabin ƙwarya, kowanne faɗin inci 7, tsayi inci 6. Ki haɗa su ki ɗinke bakan, ki kalmashe bakin. Ɗinkin ya kasance ta waje, sumul ɗin ta ciki. Ki yi uku, ɗaya ƙarama ƙwarai. Mai saƙar kwarashi ko ta kibiya na iya saƙa tata, amma kada ramukan saƙar su yi faɗin da yatsa zai maƙale. Ba igiyar ɗaurewa a haɓa, ba maɓalli, ba duwatsun ado.

Ƙaramar hular ta bakwaini ce, ko wanda aka haifa bai kai kilo 2.5 ba. Ba fata ake yi ba, amma babu mai cikin da ta san ranarta. Irin wannan jariri, maganin sanyinsa goyo ne, sai dai a gaba maimakon baya. A 1978 wani likitan yara mai suna Edgar Rey ya fara wannan dabara a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, saboda kwalaben ɗumama jarirai sun yi wa asibitinsu kaɗan. Ana kiranta goyon kangaru. Wani babban bincike da aka buga a 2021, wanda aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Nijeriya, a asibitin koyarwa na Ile-Ife, ya nuna cewa fara wannan goyo nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara shi da zarar an haihu, a riƙa yin awa 8 zuwa 24 a rana.

Zane mai yadi biyu da majanyi sun isa. Jaririn na sanye da hula da ƙunzugu da safa kawai. A tsayar da shi tsakanin nonuwa, cikinsa a jikinki, ƙafafu a buɗe kamar na kwaɗo, kai a juye gefe guda, haɓa a ɗan ɗage. Bakin zanen ya tsaya daidai ƙarƙashin kunnensa, fuska a waje inda za ki gan ta. In kin ɗinka wa zanen dogayen hannuwa biyu na ɗaurewa, zai fi zama daram. In kin gaji, uban yaro ko kaka su karɓe ki, ƙirjin kowa na da ɗumi. Amma a asibiti za a fara nuna miki, kada a riƙe bakwaini a gida a ce goyo ya wadatar.

Shimfiɗar ƙyallaye

Wannan ita ce mai daɗin yi, ita ce kuma ke cin makonni. Ki yanka kwali murabba'i, inci 5 kowane gefe, ya zama ma'auninki. Da shi za ki fitar da ƙyallaye 81. Ki baje su a tabarma, tara a tsaye tara a kwance, ki yi ta sauya musu wuri har launukan su yi miki. Wata na son ja kusa da shuɗi, wata na jera su bisa tarihi: wannan na ankon bikin wance ne, wannan na sallar bara. Ki haɗa tara-tara su zama layi, kina cin rabin inci a kowane gefe, sannan ki haɗa layukan. Za ki sami kusan yadi ɗaya, tsawo da faɗi. Ki shimfiɗa tsohon zani a ƙasa, tsohon tawul ko zani ninki biyu a tsakiya, haɗin ƙyallayen a sama. Ki fara ɗinki daga tsakiya zuwa baki don kada ya tattare, layi bayan layi, tazarar yatsu uku. A ƙarshe ki naɗe bakin da dogon ƙyalle. Kada ki cusa audugar rimi ko soso. Ba su wankuwa da kyau, kuma suna sa abin ya yi taushin da fuska ke nutsewa a ciki.

Ki lura, shimfiɗa muka ce, ba mayafi ba. Amfaninta a ƙasa ne, idan yaro na farke kina kusa, ki kifa shi ya yi ta ɗaga kai wuyansa ya yi ƙwari. Barci kuwa a rigingine ake kwantar da jariri, a wuri mai ɗan tauri, ba matashin kai, ba tulin tsummoki kewaye da shi. Ƙasashen da suka yi gangamin kwantar da jarirai a rigingine, kamar Ingila a 1991 da Amurka a 1994, sun ga mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu ƙwarai. In da sanyi, a ƙara masa riga, a rufe shi da zani marar nauyi iya ƙirji. In gado ɗaya kuke kwana, bargonki kada ya hau kansa. In za ki naɗe shi a shawul, kada ki miƙe ƙafafunsa ki matse su kamar sanda, domin hakan na iya gurɗa ƙugu. Goyonmu na baya, da ƙafafu a buɗe, shi ƙashin ƙugu ke so.

Ga batun lifidi ya dawo. Ɗakin jego ba ya rabuwa da kaskon wuta a hunturu. Yadi mai hawa-hawa in ya kama wuta yakan ci a hankali ta ciki ba a lura ba, mai roba kuma ya narke ya manne a fata. A nisanta kasko da shimfiɗa da gidan sauro. Kada kuma a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, domin yana fitar da iskar da ba ta da wari, mai kashewa cikin barci.

Kafur

Idan abu ɗaya za ki ɗauka daga wannan shafi, to ya zama wannan. Kin gama ɗinki, kin wanke, kin goge, kin jera a akwati. Sai a ce ki jefa kafur don kyankyaso da asu. Kada ki yi.

Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Gado ne, ba a ganinsa a fuska, kuma mai shi na iya rayuwa lafiya lau. Amma in jariri mai wannan hali ya shaƙi kafur, ko ya shiga ta fatarsa daga riga, sai jajayen ƙwayoyin jininsa su farfashe. Abin da ke biyo baya shi ne shawara mai tsanani. In ta hau ƙwaƙwalwa tana barin kurumta, ko shanyewar gaɓoɓi, ko ta yi kisa. Likitocin yara a Nijeriya sun daɗe suna wannan gargaɗi. Kafur ba ya narkewa a ruwa, don haka wanki ɗaya ba lallai ya fitar da shi ba. Kayan yayye da aka ajiye da kafur shekara biyu, a baza su a rana da iska kwanaki, a wanke, a sake shanyawa har warin ya ɓace ƙaf. In ya ƙi, a haƙura da su. Hodar jarirai mai sanyin mantoleta da lalle a jikin jariri su ma a bar su. Ajiya mai kyau ita ce busassun kaya a bokiti mai murfi.

Kullum a makon farko ki fito da shi wurin haske ki duba farin idonsa da dasashinsa, ki danna goshi ko hanci ki ga launin da zai bayyana. In kin ga rawaya, asibiti a ranar. In a kwanan farko ta fito, ko ya ƙi nono, ko kukansa ya yi tsini, ko yana banƙarewa, ko cikin dare ne a tafi. Shanya shi a rana ko ba shi ruwan gulukos ba magani ba ne. Akwai fitila mai shuɗin haske da ake sa su a ƙarƙashinta.

Farin ƙunzugu ma na da ranarsa a nan. A kan fari ne za ki ga fitsari ya yi duhu, ko kashi ya yi fari kamar alli, alamar da ke buƙatar likita. Daga kwana na biyar, jiƙa ƙunzugu shida ko fiye a yini da kwana na nuna nono na isarsa. Ki naɗe bakin ƙunzugun ƙasa da cibiya. Ba a ɗaure cibiya da ƙyalle, ba a gasa ta da tsumma, ba toka, ba man goge baki. Man kulohekzidin da ake bayarwa a asibiti shi kaɗai, kuma ba ya kusantar ido.

Ke kanki mai ɗinkin

Keken ƙafa, Butterfly ne ko Singer, ba ya zubar da ciki mai lafiya. In an ce ki huta saboda zubar jini ko barazanar haihuwa kafin lokaci, sai ki koma ɗinkin hannu. Kan keken dai kada ki ɗaga shi, nauyi gare shi. Ki zauna inda bayanki zai jingina, kada ki duƙufa a tabarma yini guda. Bayan kowane rabin awa ki miƙe ki zaga tsakar gida, ki sha ruwa, domin dogon zama na kumbura ƙafa, kuma jinin mai ciki na saurin daskarewa a jijiya. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi da ciwo a sha-raɓa, wannan na asibiti ne. Yatsu su riƙa mutuwa ko tsikari da dare, wannan ya zama ruwan dare a watannin ƙarshe, yawanci yana wucewa bayan haihuwa, amma ki faɗa a wurin awo.

Allura na iya gaya miki abin da ba ki sani ba. Idan jiya kina zura zare ba wahala, yau kuma kafar allurar ta zama biyu, ko kina ganin walƙiya-walƙiya, ga ciwon kai mai naci, ga zobe ya matse yatsa, fuska ta kumbura, kada ki ce gajiyar ɗinki ce. Alamun hawan jinin masu ciki ke nan, wanda ke kaiwa ga jijjiga. A auna jininki a ranar, ba ranar awo mai zuwa ba.

Kada ki riƙe allura ko fil a baki. Tari ɗaya ko dariya ɗaya na iya tura shi huhu. Ki ƙirga alluranki kafin ki fara da bayan kin gama, saboda mai rarrafe. Safa da safar hannun jariri kuma ki juya cikinsu ki datse duk zaren da ke reto, don zare ɗaya na iya naɗe ɗan yatsa ya tsayar da jini, yaro ya yi ta kuka a rasa dalili. Ki tabbata kin karɓi allurar rigakafin sarƙe-haƙora aƙalla sau biyu, da tazarar mako huɗu, ta biyun kafin haihuwa da mako biyu ko fiye. Ita ce ke kare ki, ta kare jaririn.

Akwai wani amfanin da ba a aunawa da inci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mata 16 cikin 100 na fama da ciwon damuwa ko makamancinsa lokacin ciki, kusan 20 cikin 100 kuma bayan haihuwa. Ɗinki ba ya warkar da wannan. Amma zama da facala ko maƙwabciya da la'asar, kowa da ƙyallenta, ana aiki ana hira, yakan sa abin da ke cin rai ya sami hanyar fita. In kuka ga wadda ta saba zuwa ta daina, ba ta barci, ba ta ci, kuka ba dalili, ku raka ta ta ga ma'aikacin lafiya.

Gidan sauro da jaka

Tunda allura na hannunki, ɗaga kai ki dubi gidan sauronki. Binciken zazzaɓin cizon sauro na ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin yara 49 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Kebbi, mafi yawa a duk Nijeriya, inda jimillar ƙasa ta tsaya a 22. Mai zaune kusa da kogi da fadamun shinkafa ba ta buƙatar a gaya mata dalili. Ƙaramar huda, ki ɗinke ta tun ba ta yi faɗi ba. Babba, ki yi mata faci. Ki wanke shi da sabulu mai sauƙi, ki shanya a inuwa, shi kam rana na kashe maganinsa. Kada a yanka shi don tatar koko ko shingen lambu. Ki karɓi ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi na masu ciki a wurin awo, daga bayan wata uku, wata-wata, aƙalla sau uku. A Disamban 2024 kuma aka fara ba yara allurar rigakafin wannan zazzaɓi a Kebbi da Bayelsa. Ta farko a wata biyar ake yi.

Jakar ita ce ɗinki na ƙarshe, ki gama ta kafin wata na takwas ya ƙare. Yadi mai ƙwari, hannu mai faɗi da zai rataya a kafaɗa a kan babur ko cikin kwalekwale. A ciki: zannuwan nan biyu, huluna, ƙunzugun jariri, sabulu, tocila, da naki ƙunzugun na bayan haihuwa. Naki ma ki yi shi da yadi mai haske, ninki da yawa, don a ga yawan jinin da ke fita. In ɗaya ya jiƙe sharkaf cikin ƙasa da awa guda, ko guda-guda na fita, ko jiri na ɗibar ki, ba a jira gari ya waye.

Ki ɗinka aljihu biyu a ciki. Ɗaya na kuɗin mota, naira da sefa in kina bakin iyaka, domin da damina, in ruwa ya cika kamar ambaliyar 2020, asibitin da ya fi kusa na iya zama na ƙetare. Ɗayan na katin awo ne, a naɗe cikin leda. In kin taɓa yin awo a Segbana ko Malanbil aka ba ki ɗan littafi da Faransanci, shi ma ki sa shi, ma'aikatan wannan gefen za su iya karanta awon jini da ranakun allura. Ki nuna wa maigida da uwar miji ƙusar da jakar ke rataye.